Gyaran Gidan Haya a Makera

Fenti Ɗahiru ya shigo saye, sai ya manta kalar da yake so. Saratu tana tsaron shagon kayan gini na mahaifinta a Makera, ta ɗago ido ta ce, "Malam, fari ko ruwan madara?"

Ɗahiru ya ce, "Eh."

Dariyar da ta yi ita ta ƙarasa shi.

Lokacin soja ba su daɗe da komawa bariki ba, kowa a Kaduna ya zama ɗan kwangila, wayar salula kuma ta fara shiga aljihun samari. Ɗahiru ba shi da kwangila, gidan haya ne da shi na gado. 'Yan haya sun watse, rufi na yoyo, silin ya yi ciki. Ernest kaɗai ya rage, wani direban bas da ya ce ya saba da tara bokiti.

Soyayya ta yi nisa, magana ta kai gaban Alhaji Nuhu, mahaifin Saratu, tsohon ɗan kwangilar gini. Shi ransa yana kan Abdulmalik, shugaban ma'aikatansa, shi yake so ya ba wa Saratu. Amsarsa gajera ce: "Ya gyara gidan ubansa kafin damina in gani. Ba na ba da 'yata ga wanda ya bar gado ya zube."

Nan kan Ɗahiru ya kulle. In ya ba wani ɗan kwangila, ya raina sana'ar Alhaji. In ya ba Alhaji, da wane baki zai yi ciniki da suruki, ko ya ce masa bango ya karkace? In ya yi da kansa, shi da ko ƙusa bai taɓa bugawa daidai ba?

Ya tura mata saƙo: "Zumata, na rikice. Duk inda na juya laifi ne."

Ta amsa: "Kwantar da hankalinka, Yayana. Ka ba Abdulmalik mana, ya iya aiki."

Ya karanta ya sake karantawa. Ya iya aiki! Kishi ya turnuƙe shi, ya kashe wayar, ya ari tsani ya hau rufi, shi a dole zai nuna musu.

"Oga landlord, sauko," in ji Ernest daga ƙasa. "Wannan katako ya ruɓe fa."

Bai rufe baki ba ƙafar Ɗahiru ta ɓurma, ya biyo silin ya faɗo kan katifar Ernest. Allah ya taƙaita abin ga targaɗe.

Da ya kunna waya sai ga saƙonta: "Ashe fushi ka yi? Bango na ce ya iya gyarawa, ban ce ina son shi ba. Kai nake so, ko rufinka na yoyo. Don Allah kada ka sake hawa, ina jin tsoro."

Kunya ta kama shi, daɗi kuma ya cika shi. Amma hadari ya fara haɗuwa a gabas, ga rami a rufin da ya fi na da girma.

Ya ɗingisa har gidan Alhaji, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa.

"Baba, na zo ne in faɗi gaskiya. Na gwada da hannuna, na ƙara ɓata shi. Na ji nauyin kai wa wani aikin kuna raye, na kuma ji nauyin kawo muku. Ban san yadda zan yi ba."

Alhaji ya daɗe yana kallon ƙafar da ta kumbura.

"Nauyina ne ya hau da kai rufi?"

"Eh, Baba."

"Da ka karye wuya fa, me zan ce wa Saratu?" Ya girgiza kai. "Ni ba na karɓar kwangila a hannun ɗana. Gayya za a yi ranar Lahadi. Kai ka kawo kwano da siminti, ni in kawo mutane, tuwo kuma ya fito daga gidan nan."

Ɗahiru ya yi godiya ya fito. Sai da ya kai bakin titi ya tsaya cak, ya ciro waya: "Zumata, ɗana fa ya ce. Ko ban ji daidai ba?"

"Daidai ka ji. Ina bayan labule, har na yi kuka."

Ranar Lahadi gida ya cika da magina. Abdulmalik da kansa ya hau rufin, fuska ba walwala, amma aikin ya fita tsaf. Kafin ruwa ya zauna sababbin 'yan haya sun shigo, aka ware wa amarya ɓangaren gaba.

Ranar ɗaurin aure Alhaji ya riƙe hannun Ɗahiru a gaban jama'a.

"Gida na taya ka gyarawa. Wannan da na ba ka yau kuwa, babu mai taya ka riƙo, aikinka ne kai kaɗai. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a ta gari."

Jama'a suka amsa da amin, Ɗahiru ya sunkuyar da kai yana share ido.