Gishiri Ya Yi Yawa

Bayan la'asar ne, ruwa na sauka a unguwarmu ta Wangsa Maju a hankali, ba iska ba tsawa. Ina kan keken ɗinki ina rage wa wani wando tsayi, sai Hureira ta fito daga kicin riƙe da ludayi ta tsaya a kaina.

"Kalilu, tun yaushe kake min ƙarya?"

Na ɗauke ƙafata daga kan keken.

"Miyar da na aika wa Anti Daso jiya, yaranta sun ƙi sha. Ta kira ni tana ta kame-kame, wai ko gishirin ne ya kufce min. Kai kuwa ka cinye taka, har da cewa in ƙara maka..."

Gaskiya ce, miyar ta yi gishiri. Ta shekaranjiya ma haka, ta watan jiya ma haka.

Ni ban yi karatu mai nisa ba, tun ina yaro na shiga shagon ɗinki a Fagge. Hureira ce mai karatu. Ita aka turo Malesiya yin digiri na biyu, ni na biyo ta a matsayin miji, ina karɓo gyaran kaya daga wani kanti a unguwar Masjid India ina yi a gida. Yayanta, Yaya Abdulwahidu, yana koyarwa a nan, gidansa na Danau Kota shi da matarsa Anti Daso. Shi ya tsaya min har na samu takardar zama.

Korona ta kama mu tare a tsakiyar shekara. Ni na tashi sarai. Ita zazzaɓin ya sake ta, amma ya tafi da hancinta da harshenta. Ba ƙamshi, ba wari, ba ɗanɗano. Matar da tun daga falo take gane miya ta nuna, sai ga ta tana cin abinci kamar mai tauna takarda. Humrar da Hajiyarta ta haɗa mata ma ta daina shafawa, wai kada ta cika ta dami mutane a jirgin ƙasa ba ta sani ba. Ta tura kwalbar can ƙasan akwati.

Girki ne kaɗai ta ƙi bari. Ni kuma in na ga yadda take kallon bakina a loma ta farko, sai in kasa. Sai in ce ya yi daɗi, in bi da ruwa.

Na ce mata don kada ranta ya ɓaci ne.

"To ga shi bai ɓaci ba," ta ce, ta ajiye ludayin a kan wandon mutane ta shige ɗaki.

Dama an daɗe ana wata magana. Tunda aka fara sassauta tafiye-tafiye Anti Daso ke shirin kai yara gida, Hajiya kuma ta matsa a haɗo mata da Hureira, a jingine karatun, a yi mata magani a gabanta. Kullum Hureira a'a take cewa. A yammacin nan ina ji ta kira yayanta ta ce ta yarda. Na kuma san in ta tafi a haka, ba karatun kaɗai za ta bari ba.

Washegari na je Danau Kota. Akwai hoton wani ƙauye na gaɓar gabas da Hureira ta manna a jikin firij tun zuwanmu, farin yashi da bishiyoyin kwakwa, tana cewa ranar da aka buɗe hanya can za mu fara zuwa. Na roƙi Yaya ya bar min Hureira na 'yan kwanaki in kai ta can kafin tafiyar.

Ya cire tabarau ya dube ni, sannan ya kama dariya. Ya ce ai yanzu damina ce a can, teku hauka take yi, masaukai rufewa suke, ko jiragen ruwa ba sa fita. Anti Daso ta leƙo daga kicin ta ce wato mutane na gudowa ni kuma yanzu zan kai amarya yawon shaƙatawa, in tafi da lema biyu. Ni dai a zatona teku kullum tana nan yadda take a hoto.

"Matarka ce, ba zan hana ka ba," in ji Yaya. "Amma kujerarta na nan a jirgi."

Hureira ba ta ce za ta ba, ba ta ce ba za ta ba. Ta haɗa kaya kawai. A mota ta juya fuska wajen taga, takunkumi a hanci, har muka isa.

Yaya ya yi gaskiya. Yashin ba fari ba ne, ya jiƙe ya yi duhu, igiyar ruwa ta watso itatuwa da robobi. An kafa jan ƙyalle a bakin ruwa, alamar kada kowa ya shiga. Rumfunan abinci duk an ɗaure su da tamfol. Masauki ɗaya muka samu a buɗe, 'yan ɗakunan katako a kan dogayen ƙafafu, na wata dattijuwa da kowa ke kira Makcik da mijinta Pakcik, tsohon masunci. Ta duba shaidar rigakafinmu a waya, ta ce mu ne baƙinta na farko tun da aka saki hanya, mu zaɓi ɗakin da muke so.

Da muka shiga Hureira ta tsaya a tsakiyar ɗakin ta tambaye ni ko yana wari. Yana yi, warin danshi da tsohuwar katifa. Kafin in yi tunani bakina ya riga ya ce lafiya lau. Ba a jima ba Makcik ta hauro da barguna tana ba mu haƙuri da guntun Turancinta, wai ɗakin ya daɗe a rufe, warin zai fita in an buɗe taga.

Hureira ta dube ni kawai. Da ta yi faɗa da ya fi min sauƙi.

A rumfar Makcik muke cin abinci, tare da su, don ba wasu baƙi. Ta ce a damina ba sabon kifi, abin da aka adana ake ci. Da safe dafaffen rogo ne yana tururi, da kankararriyar kwakwa da busasshen kifi soyayye, sai shayi mai zafi. Na ce ashe har nan rogo ya zo. Hureira ta riƙe nata a tafin hannu ta daɗe kafin ta ci, ta ce aƙalla zafinsa tana ji. Da yamma kuma wani abu mai tsawo da ake yi da kifi da gari, a soya a tsoma a yaji. Shi ma ta ci, don yana ƙaras-ƙaras a haƙori.

In ruwa ya tsagaita sai mu sa rigunan leda da Makcik ta ara mana mu bi gaɓa. An ja jiragen kamun kifi can sama an kife wasu. Wasu samarin ƙauyen kuwa lokacinsu ne, suna hawa kan allo suna bin manyan igiyoyin ruwa, su faɗi su sake tashi. Hureira kan tsaya ta kalle su, ni ina gefe riƙe da takalmanta. Magana tsakaninmu ba ta wuce mu koma, ruwa na zuwa.

Ranar da za mu kwana na ƙarshe aka wuni ana ruwa. Muna zaune a rumfa, Pakcik ya baje taru a cinya yana gyara, tunda aikin damina ke nan. Idonsa ya yi rauni, da yatsu yake laluben inda ya yage. Makcik na gyaran busasshen kifi a gefensa. Can sai ta miƙa wuƙa ta nuna wani wuri a jikin tarun ta yi magana da faɗa-faɗa. Ya yi gunaguni, ya laluba, ya samu ramin, ya ɗinke. An jima ta sake nuna wani. Ya ce mata wani abu da ya sa ta jefe shi da ɓawon albasa, suka yi dariya, ya ɗinke wannan ma.

Hureira ba ta ɗauke ido daga kansu ba.

"Ka ga ba ta jin tausayinsa," ta ce a hankali.

Na ce ai tana ji.

"Tana ji, amma ba ta bar shi da taru mai rami ba." Ta juyo gare ni. "Kalilu, da makancewa na yi, sai ka riƙa ce min hanya a share take?"

Na sunkuyar da kai.

"Ni ban san abin da nake ci ba. Ban san ko jikina na wari ba, ban san ko wani abu na ƙonewa ba. Kai kaɗai gare ni da zan tambaya... kai ɗin ma ka koma lallaɓa ni kamar yarinya. Gara in je inda Hajiya za ta ce min ke miyar nan ba ta ciyuwa."

Ban iya dogon bayani ba. Na ce mata na ji.

Wajen magariba Makcik ta ce tunda gobe za mu tafi, Hureira ta dafa musu irin ta garinmu. Hureira ta so ta zame, tsohuwar ta ɗaura mata zani a ƙugu ta tura ta gaban murhu. Da busasshen kifi da wani ganye mai kama da alayyahu da barkono ta haɗa miya. Ina kallon hannunta lokacin da ta ɗebi gishiri, ta yi jim, ta zuba, ta sake ɗiba.

Ta ɗebo a ludayi ta nufo ni. Ga idon nan nata a bakina, irin na kullum.

Na kurɓa. Na ji tsohuwar maganar ta taho har bakin leɓena, na haɗiye ta tare da miyar.

"Gishiri ya yi yawa, Hureira."

Ta dubi ludayin.

"Sosai?"

"Sosai, masoyiya. Har maƙogwaro."

Hawaye suka zubo mata, ta sa gefen mayafi ta share. Na ɗauka shi ke nan na ƙarasa ɓata komai. Sai ta buge min kafaɗa da bayan ludayin.

"Wata nawa kana shan wannan, mugu?"

Makcik ba ta ji Hausa ba, amma ta ɗanɗana ta yamutsa fuska, ta yanko rogo ta jefa a tukunyar ta ƙara ruwa. Aka bari ya tafasa. Hureira ta sake miƙo min, na ce saura kaɗan. Ta ƙara ruwa, ta sake miƙowa, na ce yanzu ya yi. Ta ƙura min ido.

"Wallahi," na ce.

Pakcik ya ci har ya nemi ƙari. Wannan karon Hureira ta yarda.

Da safe kafin motarmu ta zo muka leƙa bakin ruwa. Ta cire takunkumi ta ja numfashi mai tsawo, ta girgiza kai, har yanzu ba komai. Ta tambaye ni ƙamshin me teku ke yi. Na ce ba ƙamshi ba ne, ƙarni ne, kamar layin masu kifi bayan an yi ruwa. Ta yi dariya har da riƙe hannuna, ta ce ashe hoton firij ma maƙaryaci ne.

Hancinta bai dawo a can ba, bai kuma dawo da muka koma Wangsa Maju ba. Likita ya ce wasu sukan daɗe. Maganar jirgi ban tayar ba, ita ma ba ta tayar ba, akwatinta na nan a buɗe a gefen gado.

Ranar Litinin da safe ta shirya za ta makaranta wajen malaminta. Tana neman katin jirgin ƙasa wayarta ta yi ƙara, Yaya ne. Ta maƙale ta a kafaɗa tana sa takalmi. Na ji tana cewa ya saki kujerar, ita za ta kira Hajiya da kanta ta yi mata bayani, a'a ba wanda ya tilasta ta.

Na duƙa na zaro kwalbar humra daga ƙasan akwatin. Na ɗiga a yatsa na shafa a gefen mayafinta, na sunsuna, na ƙara ɗigo ɗaya ta ɗaya gefen. Ta ɗago min gira tana sauraron yayanta. Na gyaɗa kai, ya isa haka.

Ta ɗauki lema ta fita tana ci gaba da wayarta. Ni kuma na ajiye kwalbar a gaban madubi, na koma kan keke.