Likitan da Ya Haye Dandamali

A birnin Bath, zamanin da fitilun gas ke haska gidajen wasan kwaikwayo, Hester Lovegrove ta kurɓi gubar ƙarya ta zube a kan dandamali. Ta iya mutuwa ƙwarai, kamar yadda uwarta da kakarta suka iya. Sai dai Jasper Hollins, sabon likita ɗan limamin coci, bai taɓa shiga gidan wasa ba. Kawai gani aka yi ya tsallake kujeru ya haye, ya kama hannunta yana laluben bugun jini.

Ta buɗe ido ɗaya, ta ce a hankali, "Likita, bar ni in ƙarasa mutuwa, jama'a na jira."

Zauren ya kece da dariya. Shi bai ji ba, idon nan guda ya riga ya tafi da shi.

Tun daga nan Marigayiya yake ce mata. Da hantsi sukan bi gefen kogin Avon, hazo na kwance a kan ruwa, tana bitar kalamanta, shi yana amsa na saurayin wasan da muryar mai rubuta magani. Ranar da aiki ya riƙe shi sai ya aiko da 'yar takarda: "Marigayiyata, yau na duba marasa lafiya da yawa, amma nawa ciwon yana wajenki."

Da maganar aure ta taso, mahaifinsa ya ƙi. Ya ce macen da ke kuka don a tafa mata, yaya za a gane hawayenta na gaskiya? In ana son amincewarsa, ta bar dandamali, kamar yadda 'yan wasa da dama suka yi da suka sami miji. Jasper ya kawo mata sharaɗin da murna, a zatonsa abu ne mai sauƙi.

Hester ta kau da ido daga kogi, ta dube shi. "Kakata an jefe ta da ruɓaɓɓen lemo a kan dandamali, ba ta sauka ba. Ni ce zan sauka? Ina son ka, Jasper, amma ba na jin kunyar aikina."

Suka daina haɗuwa. Ya rame, ita kuma muryarta ta dusashe.

Kakar, Dorcas Lovegrove, ta ɗauki sandarta ta nufi gidan liman. Ta sha shayinsa, ta saurari dogon wa'azinsa har ƙarshe, sannan ta aje kofi.

"Ranka ya daɗe, ni da kai duk mun tsufa muna tsayawa gaban jama'a, muna sa su kuka da kalaman da ba mu muka rubuta ba. Ka taɓa yi wa matarka ƙarya saboda haka?"

Matar liman ce ta fara dariya daga bakin ƙofa, sannan shi ma ya dara, ya janye sharaɗinsa.

Da yamma Jasper ya zo bayan dandamali, hula a hannu, ya nemi gafarar Hester. Ya ce kada ta sauka, shi zai riƙa jiranta a ƙasa.

Uban da kansa ya ɗaura auren a farkon bazara, 'yan wasa sun cika cocin da hulunan gashin tsuntsu. Da ya zo sa albarka muryarsa ta yi rawa, ya kasa ƙarasawa.

Dorcas ta ɗaga sanda daga kujerar gaba. "Ɗaga murya, surukina, na baya ma su ce amin."