Gurasar Biki Kafin Faɗuwar Rana

Ranar Laraba da hantsi Nashat ya shigo gidan su Irini, a ƙauyensu na kusa da Asyut, fuskarsa babu walwala. Saura kwanaki kaɗan ɗaurin aurensu.

"Mama ta sa ranar gasa gurasar biki. Asabar."

Rariya ta suɓuce daga hannun Irini. "Asabar? Haba Nashat! Ka san 'yan cocinmu, daga faɗuwar ranar Juma'a har ta Asabar ba ma taɓa aiki. Hutun Ubangiji ne."

"Na faɗa mata! Cewa ta yi amaryar da ba za ta tsaya gaban tanderun uwar miji ba, to ta maido zobe."

Irini ta dubi zoben, hawaye suka zubo. Ranar ko abinci ba ta iya ci ba, sai addu'a.

Juma'a da sassafe ta ƙwanƙwasa ƙofar Ummu Nashat.

"Mama, ki bar ni in gasa yau. Ni kaɗai ma zan yi."

Tsohuwar ta taɓe baki. "Aikin matan unguwa guda? To bismillah, sarauniyar Asabar! Amma ko ɗaya ya rage, kin san sauran."

Irini ta kwaɓa, ta mulmula, ta jera a kan soro, domin gurasar tasu sai ta sha rana take tashi. Tana gashi tana ɗaga ido sama tana duban rana. Wuta ta ƙone mata yatsa, ba ta tsaya ba. Amma da rana ta kai kan dabinai, layi guda na nan ɗanye.

Ta ajiye aikin, domin rana na dab da faɗuwa. Ummu Nashat ta leƙo.

"Ke! Ɗan wannan? Ƙarasa mana, wa zai gan ki?"

"Wanda na yi wa alkawari, Mama." Ta fara murza zoben tana kuka.

Nashat, da ke tsaye bakin ƙofa, ya matso. "Mama, bara da likita ya ce ki sha madara cikin babban azumin da cocinmu ta hana shan ta, me kika ce masa?"

"Rufe mini baki, marar kunya!"

"Kin ce da ki karya wa Allah alkawari gara ki kwanta ciwo."

Ummu Nashat ta dubi tulin gurasar, ta dubi yatsan da ya ƙone. Can ta ja dogon numfashi.

"Bar zoben nan inda yake, 'yata. Wadda ba ta ci amanar Allah don tsoron mutum ba, ba za ta ci amanar ɗana ba. Matsa mini — kin ma cika wuta, sai ka ce za ki gasa raƙumi!"

Ita ta gasa layin ƙarshe. Ranar Lahadi aka ɗaura auren.