Rigar Tsamiya Mai Ruwan Ƙasa

A can wani zamani, wani saurayi ya gaji rigar tsamiya daga mahaifinsa. Launinta ruwan ƙasa ne mai haske, ba fari ba, ba ja ba. Kakarsa, wadda ta kaɗa zaren da hannunta don marigayi mijinta, idonta ya yi rauni, amma da ta hango launin nan sai ta ce, "Ga maigidana nan tafe."

Abokai suka yi ta yi masa dariya, wai rigarsa ba ta da launi. Ya daure, ya daure, rannan ya kai ta marina.

Marini ya ce, "Samari, in ta sha shuni ba ta dawowa yadda take."

Ya ce, "Tsoma ta."

Ya komo gida cikin shuɗiyar riga. Kaka ta daɗe tana dubansa, sannan ta ce, "Sannu da zuwa, baƙo. Wa kake nema?"