Mai Sawu a Yashin Sabi'u

A tashar mota na fara ganin Sabi'u. Ina zaune kan buhun masara ina karanta wani littafi da bangonsa ya cire. Ya tsaya, ya dubi ƙasa, ya ce, "Takalminki na hagu yana matse ki." Gaskiya ne. A sawuna ya gani. Tun ranar na san na auri mutumin da ƙasa ba ta ɓoye masa komai.

Ladidi, rage fitilar nan. Ku matso. Ku 'ya'yan Kawu ne, shi ya sa zan faɗa muku.

Bayan biki ya kai ni inda yake aiki, wani masauki mai araha a bakin gandun namun daji. Bukkoki ne na jinka, da randa a ƙofar kowace, da gidan sauro mai faci. Ɗalibai da masu ƙaramin ƙarfi ke sauka a can. Shi ke kai su kallon giwaye.

Kullum da almuru sai ya ɗauki reshen kalgo ya share yashin hanyar da ta taso daga rafi zuwa masaukin, ya mai da shi sumul. Da safe ya duba abin da ya taka: ga ɓauna, ga gwanki, ga kura. Da haka yake sanin inda zai kai baƙi.

Wata safiya na riga shi fita. A cikin yashin, daidai tagarmu, na ga sawun mace. Ƙarami, ba takalmi. Ya tashi daga tagar ya nufi rafi. Sawun tafiya ne kawai, babu na zuwa.

Kun gane abin da zuciyata ta ce? Wadda ba a ga zuwanta ba sai tafiyarta, ai a nan ta kwana.

Na laɓe. Sabi'u ya fito, ya ga sawun, ya waiga hagu da dama, ya sa ƙafa ya goge.

Kashegari ma haka. Rana ta uku ma haka.

Na shiga zargin kowa. Mai dafa wa baƙi abinci. Wata ɗaliba mai yawan dariya da ke ce masa "Malam jagora". Har ƙafafunsu nake kallo in sun zo alwala. Abinci ya daina shiga mini.

"Amarya, lafiya?" ya ce.

"Lafiya."

"Tuwonki ya huce."

"Wata ta ci maka."

Ya dube ni, ya ci gaba da cin tuwonsa. Wannan ya fi komai ƙona ni.

"Yaya Tasalla, me ya sa ba ki tambaye shi ba?"

Ladidi, in kin girma za ki sani. Yi shiru.

Ran nan ya gama shara ya tafi masallaci. Na yafa gyale na bi hanyar rafi ni kaɗai, ina taka yashin da ya gyara, da gangan. Na ce yau sai na ga fuskarta.

Birai sun yi tsit. Ko kwaɗo bai yi kuka ba. Iska ta tsaya. Sai ƙamshin turaren wuta, a wurin da babu gida.

Tana zaune a gindin tsamiya, bakin ruwa, tana taje gashi. Gashin ya kai ƙasa. Ba ta juyo ba.

"Amarya," ta ce. "Kin ɓata mini hanya."

Muryar tawa ce. Tawa sak, kamar ina jin kaina daga cikin rijiya.

Tsoro ya kama ni, amma kishi ya fi shi ƙarfi. Na ce, "Me ke kai ki tagar mijina?"

"Mijinki." Ta ci gaba da taje gashi. "Tun kafin ya san sunanki yake share mini hanya. Kullum. Ko ruwa ake, ko zazzaɓi yake. Ke ya taɓa share miki?"

Bai taɓa ba.

"Namiji ba ya yi wa mace haka a banza," ta ce. "A da su biyu suke yi, shi da abokin aikinsa, na ce aikinsu ne. Yanzu shi kaɗai yake zuwa. Na gane."

Ta miƙe. A nan na ga ƙafafunta. Fuskarta na kallona, yatsun ƙafarta na kallon rafi.

Ashe sawun nan ba na tafiya ba ne. Na zuwa ne. Zuwa take yi ta tsaya a tagarmu tana kallonsa yana barci, har kiran asuba ya ɗauke ta.

"Yau zan shiga," ta ce a hankali. "Ke zauna nan. Muryarki ta ishe ni."

Na buɗe baki zan yi addu'a, sauti ya ƙi fita. Ta taka ɗaya. Ta taka biyu.

Sai ga hasken tocila can nesa, yana lilo, yana kallon ƙasa. Sabi'u ne, a guje, kansa a sunkuye, yana bin yashi.

"Tasalla!"

Ta tsaya. Ta kira shi da muryata, daga gefen ruwa: "Ga ni nan." Ko waiga bai yi ba. Idonsa na kan sawun da ke ɗan ɗingisa ta hagu, har ya zo ya tsaya a gabana ya riƙe hannuna.

Ta daɗe tana kallonmu. Sannan na ji ta, wannan karon da wata murya, siririya, mai ban tausayi.

"Ni yake share wa hanya. Amma sawunki ya biyo."

Ganyen tsamiya ya kaɗa. Babu kowa. Inda ta zauna, sai wani matajin itace, gashi guda ɗaya a jiki. Yana cikin akwatina har yau. A'a, ba zan nuna muku ba.

A hanya ya faɗa mini. Tsofaffin masu bin sawu sun gargaɗe shi: ba a share hanyar rafi mutum ɗaya, kuma in an ga sawun, ba a ambatonsa. Da abokin aikinsa ya tsufa ya koma gida, mai masaukin bai ɗauki wani ba. Ya ci gaba shi kaɗai, yana goge sawun don kada in tsorata.

Ku ma in kun je can, kada wadda ta bi hanyar rafi ita kaɗai da almuru, ko wa ya kira ta.

Mun iso ƙofar bukka, reshen kalgon na jingine a bango. Muryata ta dawo. Na ɗauke shi, na juya wajen rafi, na ɗaga murya yadda za ta ji.

"Daga yau, Sabi'u, ba za ka ƙara share hanyar nan kai kaɗai ba. Ni da kai za mu yi, har mu tsufa."