Abin da Motar Malam Mansur Ta Ɗauko

Ranar Laraba ce, rana ta yi ja tana shirin faɗuwa, Murjanatu tana wanke motar babanta a tsakar gida kamar yadda ta saba. Ƙaramar mota ce ruwan toka, mai ƙofa a baya, irin wadda idan mutum biyar suka shiga sai gwiwa ta haɗu da gwiwa. Malam Mansur ya saye ta ta hannu a Mai'adua, bayan shekara goma sha tara yana zuwa makarantar da yake koyarwa a kan babur. Sai da ya sa aka fasa katanga aka kafa ƙyauren ƙarfe don ta riƙa kwana a cikin gida. Duk unguwarsu a Daura an san yadda yake ji da ita.

Haulatu, matarsa, tana bakin murhu tana tuƙa tuwo. Ita ce ta fara lura gidan ya yi shiru. Kaji sun daina tono. Akuyar da ke ɗaure ta ja da baya har igiya ta shaƙe ta.

Sai dutse ya faɗo kan rufin motar.

Haulatu ta ɗaga murya ta yi wa 'ya'yan maƙwabta faɗa. Ba wanda ya amsa. Na biyu ya sauko, ba daga bayan katanga ba, daga sama kai tsaye. Da ta taɓa shi sai ta ji shi da zafi kamar an ciro shi daga wuta. Murjanatu kuwa tana durƙushe gaban tayar hagu, soso a hannunta, ba ta motsi.

"Umma," ta ce a hankali, "akwai mai kuka a ƙarƙashin motar nan."

Daga ranar, kowace magariba sai abin ya dawo. Duwatsu su zubo, hon ɗin motar ya yi ta kuka alhali mukulli yana aljihun Malam Mansur. Ya kira Kabo makaniki, ya duba wayoyi, ya cire batir ya tafi da shi gareji. Da rana ta faɗi, hon ya sake tashi, dogo, ba yankewa. Maƙwabta suka daina aiko yara ɗibar wuta. Malam Mansur ya rame, ya rage magana, idan Haulatu ta tambaye shi ko wani abu ya faru a hanya sai ya ce babu.

A rana ta shida aka nemi Murjanatu aka rasa. Aka same ta kwance ƙarƙashin motar, ta rungume wani abu da ba a gani, tana rarrashinsa da wata murya mai kauri ta tsohuwa. Yarinya ce 'yar shekara goma sha biyar, siririya, amma maza huɗu suka kasa jawo ta.

Aka ɗauko Malam Zakiyyu daga unguwar da ke kusa da rijiyar Kusugu, dattijon da ya daɗe yana ruƙiyya. Bayan sallar magariba ya sa aka shimfiɗa masa tabarma kusa da motar. Ya zauna ya fara karatu, bai ɗaga murya ba. Ya daɗe yana yi. Can sai yarinyar ta rarrafo ta fito da kanta, ta zauna a gabansa, idanunta sun juye.

"Wace ce ke?" in ji Malam Zakiyyu.

"Uwa ce ni."

"Me ya kawo ki gidan mutane?"

"Ba ni na zo ba. Shi ya ɗauko mu." Ta nuna Malam Mansur ba tare da ta kalle shi ba. "Ranar Talata da magariba, a hanyar garin Babban Mutum, wajen busasshen rafi. Ɗana yana tsallake hanya. Ya take shi, ya jawo shi a ƙasan wannan ƙarfen har nan. Yana nan maƙale. Kwana biyu ya yi yana kirana kafin ya yi shiru."

Haulatu ta toshe bakinta da gefen zane.

Malam Zakiyyu ya ce, "Baiwar Allah, ɗan Adam ba ya ganinku. Bai sani ba."

Muryar ta yi wata dariya mara daɗin ji. "Bai gani ba, amma ya ji. Ya ji kukan yaro. Ya taka burki, ya duba madubi, sannan ya ƙara wuta. Da ya sauko ya ambaci sunan Allah, da na ciro ɗana da ransa. Tambaye shi."

Dattijon ya juya. "Malam Mansur, haka aka yi?"

Malam Mansur ya sunkuyar da kai. Da ya yi magana, da ƙyar aka ji shi.

"Na ji, Malam. Na zaci ɗan makiyaya ne na kaɗe. Na ji tsoron kada su taru su kashe ni a wurin. Sai na wuce."

Hayaƙin murhu ya tsaya cik.

"Ɗa a madadin ɗa," in ji muryar. "Wannan yarinyar tawa ce."

"Ba taki ba ce," in ji Malam Zakiyyu. "Ba ita ta tuƙa ba. Idan kin zalunce ta, zan ci gaba da karatu har ki ƙone, kuma hakkinta yana kanki ranar gobe."

"To a yanka mini baƙin bunsuru."

"Ba a yanka don wanin Allah. Nemi abin da za a iya."

Hawaye suka zubo daga idanun yarinyar, waɗanda ba ita ce ke kallo ta cikinsu ba. Muryar ta karye.

"Ya mayar da mu inda ya ɗauko mu. Da hannunsa, da motar nan. In binne ɗana."

Malam Zakiyyu ya sa ta yi alkawari sau uku cewa idan an yi haka za ta fita ba za ta dawo ba.

Washegari bayan la'asar Kabo ya mayar da batir, suka kama hanya. Malam Zakiyyu a gaba, Haulatu da Murjanatu a baya. Motar ta yi nauyi kamar an loda mata buhunan gero, tana gurnani, ta ƙi karɓar giya ta huɗu. Babura suna wuce su. Malam Mansur ne riƙe da sitiyari.

Da suka isa busasshen rafin ya tsaya. Murjanatu ta buɗe ƙofa ta sauka, ta durƙusa ta zura hannaye biyu ƙarƙashin motar, ta jawo a hankali. Ta miƙe hannayenta a lanƙwashe a ƙirji, babu komai a cikinsu, amma ta sunkuya don nauyi. Ta gangara cikin rairayi, ta tona rami da yatsunta, ta ajiye, ta rufe. Ta zauna a wurin har inuwa ta yi tsawo. Sannan ta yi atishawa sau uku ta kife.

Da ta farfaɗo, da muryarta ta ainihi ta yi magana, tana neman ruwa.

Gidan ya lafa daga ranar. Amma Malam Zakiyyu ya gaya wa iyayen cewa yawancin waɗanda aka shiga jikinsu ba sa tuna komai, ita kuwa Murjanatu ta tuna duka, har da amsar babanta. Tana gaishe shi da safe a durƙushe, tana kawo masa abinci, sai dai ta daina haɗa ido da shi.

Bayan mako biyu, da hantsi, yana ɗaura agogo zai fita makaranta, Haulatu ta tsaya a bakin ƙofar ɗaki.

"Baban Murja, tun ranar ina so in tambaye ka. Da ka iso gida a daren Talatar nan, kana zaton ɗan mutum ka bari kwance a hanya, ka ci tuwo har ka nemi ƙari. Yaya aka yi ya wuce maka a maƙogwaro?"

Ya ci gaba da ɗaura agogonsa, bai dube ta ba. Ta jira shi har ta gaji, sannan ta koma wajen wankinta.