Yauƙin Daddawar Kuluwa

Yaya Lantana, 'yar kawuna, ita ta ba mu wannan labari bayan isha'i, muna tsintar kalwa. Ta ce mu matso, kada wanda ya yi dariya.

Wai akwai wata Kuluwa mai daddawa. Ta dafa kalwa, ta rufe, ta ƙi nuna. Matan unguwa suna toshe hanci in ta wuce. Da magariba ta tafi bakin rafi ita kaɗai, tsinkar ganyen rufi.

A gindin ɗorawa ta tarar da wata gajeriyar tsohuwa. Bakinta ɗaya, muryarta biyu.

"Ke ɓarauniya. Ganyen na ubanki ne?"

"Yi haƙuri, Iya. Daddawata ce ta ƙi."

"Mataccen hannu gare ki. Miƙo shi."

Ta ɗora mata ƙwayar kalwa guda, da zaren yauƙi a jiki.

"Kullum ki ba shi dafaffiyar kalwa. Ran da ya rasa, shi zai nemo abincinsa."

A hanya Kuluwa ta waiwaya. Ƙugun tsohuwar na tsukewa. Ya tsuke har ya tsinke. Ta zama gajeru biyu, kowace tana miƙewa, tana tsawo.

Duk da haka ba ta yar da ƙwayar ba. A gida ta jefa a ƙwaryar dafaffiyar kalwa, ta leƙa. Zaren ya rabu biyu. Kowane guntu ya yi tsawo, ya kamo tsayin uwarsa, ya sake rabuwa.

Daddawa ta yi ƙamshi, masu toshe hanci suka dawo saye. Sai dai ƙwarya ɗaya ta daina isarsa. Ta koma biyu, ta koma huɗu.

Ran nan kalwa ta ƙare. Kuluwa na dafa tuwo, ta ji ganye na motsi. Zarurruka sun fito daga ƙarƙashin ƙwarya, farare fat, suna jan ciki zuwa tabarmar da jaririnta ke barci. Na gaba ya kusa taɓa diddigensa.

Ta fizge yaron. Ta sauke ruwan tuwo yana tafasa, ta sheƙa musu. Muryoyi barkatai suka zage ta, sannan shiru.

Ƙanwata, da ke tsintar kalwa tare da mu, ta ce wa Yaya Lantana, "Yaya, sun mutu duka?"

"Ɗaya ya manne mata a yatsa. Yau yatsan ya fi sauran tsawo. Ta ɗaure shi da tsumma, don tsakiyarsa ta fara tsukewa."

Yaya Lantana ta dube ni, ni da nake koyon sana'ar.

"In taki ta ƙi nuna, ki zubar. Hanyar rafin nan kuwa, kada ki bi ta ke kaɗai."